Ajin Mama Sista na Tudun Wada: abin da kuɗin wata yake saya

Akwai wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya a Tudun Wadar Kaduna da ta yi ritaya, ta buɗe aji tana koyar da kalmomin asibiti, yadda ake furta su da abin da suke nufi. 'Yan'uwana masu tsaron kemis sun yi ta tambayata ko ajin ya kai kuɗinsa, tunda sun ji ina zuwa. Ya kai. Amma ba kowa zai amfana da shi ba, kuma akwai abubuwan da sai mutum ya daure.

Ni kantin maganin yayana nake tsaro a Unguwar Sanusi. Sakandare na gama, ban je makarantar koyon aikin lafiya ba. Da yake mace ce ni, matan unguwa sun fi sakin jiki da ni, sai ka ga mace ta jira maza sun watse, ta zaro takardar gwaji daga ƙasan hijabi ta ce, "Anti, don Allah duba min, me suka ce?" Likita ya riga ya yi mata bayani, amma a gurguje, da layin mutane a bayanta, ita kuma kunya ta hana ta cewa ba ta gane ba. Fassara gwaji ba aikin mai kemis ba ne, lasisin da hukumar kula da harkar magunguna take ba irin kantinmu bai kai can ba. Sai dai akwai bambanci tsakanin ki ce wa mace "ban sani ba" da ki karanta mata kalmar daidai, ki gaya mata me ake aunawa, ki kuma nuna mata ƙofar da za ta koma. Wannan ne ya kai ni ajin.

Ana yin sa ranakun Alhamis da Juma'a bayan la'asar, a wata Islamiyya da ke ɓangaren Kasuwar Bacci, saboda ranakun ne yara ba sa zuwa. Kuɗin wata N6,000, takardun darasi kuma N1,500 daban. Muna kiran malamar Mama Sista. Ita kuma matan cikinmu "'yata" take ce mana, mazan ta ce "Malam", ban da wani dattijo mai kemis a Rigasa da take ce wa Alhaji, shi ma yana ce mata Hajiya. Ɗaliban gauraye ne: masu kemis, 'yan makarantar kiwon lafiya ta Makarfi da suka zo hutu, ungozomomi biyu, da wata baiwar Allah da ba ta aikin lafiya ko kaɗan, ta ce ita dai ta gaji da zuwa asibiti tana gyaɗa kai.

Watan da ya wuce gaba ɗayansa a kan homon aka yi shi, wato sinadaran nan da wasu ƙululun jiki suke zubawa cikin jini, su tafi su ba wata gaɓa ta nesa umarni. Ta ce wani masanin Ingila, Ernest Starling, shi ya fara amfani da kalmar a Landan a 1905, daga wata kalmar Girkanci mai ma'anar zaburarwa ko motsarwa. Daga nan ba ta ƙara tsayawa a kan tarihin ba, ta ɗauki alli.

Yadda take koyarwa shi ne abin da ake biyan kuɗin dominsa. Ba ta yarda ka faɗi kalma gaba ɗaya a karon farko. Za ta rubuta ta da manyan haruffa, ta tsaga ta gaɓa-gaɓa da tsayayyen layi, ta sa ku bi haruffan ɗaya bayan ɗaya, sannan a haɗa. Duk wanda ya yi makarantar allo zai gane tsarin, babbaƙu tukuna, sai farfaru, kafin a ce ka zarce da karatu. Tana da rula ta katako da take buga tebur da ita, bugu ɗaya ga kowace gaɓa, inda murya take nauyi kuma ta buga da ƙarfi.

Kalmar da muka fi daɗewa a kanta ita ce wadda nake yawan gani a takardun matan unguwarmu, prolactin. A bakin masu ita gaɓa uku ce, pro, lak, tin, kuma nauyin yana kan ta tsakiya. Rular Mama Sista sai ta yi ƙas, ƘAS, ƙas. Bakin Bahaushe ba ya son baƙaƙe biyu a jere a farkon kalma, kuma harafin p baƙo ne a wurinmu, shi ya sa muke da firamare da direba. Don haka mu gaɓa huɗu take fita: fu, ro, lak, tin. Abin da ya burge ni shi ne ba ta yi faɗa a kan wannan ba. Ta ce duk likitan da ya yi aiki a asibitin Barau Dikko ko na Yusuf Ɗantsoho zai gane furolaktin sarai, kada kowa ya murɗe harshensa don ya yi kama da Bature. Abu biyu ne ba ta ɗaga ƙafa a kansu.

Na farko harafin c. Mu a boko mun saba c ita ce ta "ciki" da "cokali", don haka da yawanmu da muka ga kalmar sai muka karanta ta da wannan sautin. Ta ce a kalmomin asibiti c ba ta taɓa yin wannan karatun ita kaɗai. In e ko i ko y ta biyo ta, s ce. In ba haka ba, k ce. Wannan 'yar ƙa'idar kaɗai ta buɗe min rabin kwalayen da ke kan kantarmu.

Na biyu kuma, kada a haɗiye gaɓar lak. Mutane da yawa in suna sauri sai su ce "furotin". To furotin wani abu ne daban, kuma shi ma ana auna shi. In aka ce an ga furotin a fitsarin mai ciki, musamman ga hawan jini a tare, ana tsoron jijjiga ne, maganar gaggawa ce ta ran uwa da ɗa. Ita kuwa furolaktin a jini ake aunawa, kuma yawanci magana ce ta al'ada da neman haihuwa wadda ake bi a tsanake. Ta ba mu labarin wata mata da ta bugo mata waya tana cewa furotin ɗinta ya hau, Mama Sista kuma ta tayar da hankalin gida gaba ɗaya a kai ta asibiti cikin dare, ashe matar ko ciki ba ta da shi. Bayan labarin ba wanda ya ƙara haɗiye gaɓar.

Kuma gaɓar da ake haɗiyewa ita ce mai ɗauke da ma'anar. Lak daga Latin take, nono ke nan. Pro kuma "domin". In ɗin ƙarshe wutsiya ce da ake maƙala wa sunayen irin waɗannan sinadarai, kamar yadda take a insulin. Sinadarin da aka yi domin nono, shi ke nan. Wanda ya riƙe wannan ba sai ya yi haddar aikinsa ba.

A nan ne ta kawo maganar tattabaru, ajin ya ɗau zafi. Ta ce wanda ya raɗa sunan, Oscar Riddle, a Amurka a farkon shekarun 1930, da tattabaru ya yi bincikensa. Tattabara tana ciyar da 'ya'yanta a kwanakin farko da wani farin abu mai kauri da yake fitowa daga jakar nan ta wuyanta inda take tara hatsi, kuma namiji da mace duk suna yi. Wannan sinadarin ne yake sa jakar ta samar da shi. Alhajin Rigasa, wanda ashe yana kiwon tattabaru tun yana yaro, ya miƙe tsaye ya ce, "Wallahi Hajiya haka ne, na sha gani, ban taɓa sanin yana da suna ba." Ta ƙara da cewa a jikin ɗan Adam an daɗe ana zaton shi da sinadarin girma abu ɗaya ne, sai wajen 1970 Henry Friesen a Kanada ya ware shi daban. Wato iyayenmu da yawa sun girme wa gwajin da 'ya'yansu suke yawo da takardarsa yau.

Sauran bayanin na ranar shi ne wanda na fi amfani da shi a kanti. Wani ɗan ƙululu ne a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, fituwitari, da girmansa bai wuce ƙwayar wake ba, yake samar da furolaktin. Ƙwaƙwalwa tana riƙe da linzaminsa ta hanyar wani sinadari, dofamin. In mace ta samu ciki ya hau sosai, in tana shayarwa ya zauna a sama, kuma hawan nasa yana danne fitar ƙwai. Shi ya sa mai goyo take daɗewa ba ta ga al'ada ba. Ɗaya daga cikin ungozomomin ta ce to me ya sa ake kwanika? Mama Sista ta ce kariyar tana da sharuɗɗa uku a tare: jariri bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Ɗaya ya faɗi, kariya ta faɗi.

In kuma ya hau ba ciki ba goyo, sai al'ada ta rikice ko ta ɗauke, wata ta ga ruwan nono yana ɗiga, haihuwa ta yi jinkiri. Maza ma yana hawa musu, ya rage sha'awa da ƙarfi, sai dai su ba sa kawo takarda, kayan ƙarin kuzari suke tambaya. Dalilan hawan suna da yawa: raunin ƙululun wuya da ke kawo maƙoƙo, ciwon ƙoda, ko wani ɗan tsiro a jikin fituwitari wanda galibi ba daji ba ne, amma in ya girma yana danne jijiyar gani, ya kawo ciwon kai da raguwar gani ta gefe. Sai kuma magunguna, kuma a nan ta juyo ta kalli mu masu kemis. Duk maganin da yake toshe dofamin yana sakin linzamin. Maganin amai da aka rubuta metoclopramide a kwalinsa yana ciki, haka wasu magungunan taɓin hankali irin su haloperidol. Ta ce mace za ta yi ta kashe kuɗi a gwaje-gwaje, alhali abin da ya ɗaga mata shi yana cikin jakarta, ba wanda ya tambaye ta me take sha.

Akwai kuma maganar lambobi. Ga macen da ba ta da ciki, yawancin ɗakunan gwaji suna ɗaukar ƙasa da kusan 25 a matsayin daidai, in da ma'aunin ng/mL suka auna. Amma wasu da mIU/L suke rubutawa, kuma 1 na farkon ya kai kusan 21 na biyun. Sai mace ta ga 400 a takardarta, ƙawarta ta ce ai nata 18 ne, ta kwana tana kuka, alhali kusan abu ɗaya ne. Ta koya mana mu fara duba ma'aunin da iyakar da ɗakin gwajin ya buga a gefe kafin mu buɗe baki. Ta kuma ce fargaba, motsa jiki mai ƙarfi, ko matsa nono kafin a ɗebi jini duk suna iya ɗaga shi kaɗan, don haka in hawan bai yi yawa ba likita yakan ce a sake.

Sauran kalmomin ba a daɗe a kansu haka ba. Progesterone gaɓa huɗu ce, pro, jes, ta, ron, nauyi a kan jes, harafin g kuma j ake karanta shi. Ma'anarta "domin ciki", ita ke shirya mahaifa ta riƙe abin da ya shiga. Da yake farkonta ɗaya da furolaktin, mata suna musanya su, su ce "wannan furo ɗin". Gwajinta kuwa yana da rana, kusan kwana 7 kafin al'ada ta gaba, wato rana ta 21 ga mai zagayen kwana 28, don a tabbatar ƙwai ya fita. Oxytocin ita ma huɗu ce, ok, si, to, sin, nauyi a kan to, ma'anarta haihuwa da sauri. Furolaktin ke haɗa nonon, oksitosin ke matso shi waje, ita ce kuma ke sa mahaifa ta tsuke. A kan wannan na ga ɓacin ran Mama Sista. Ta ajiye rular ta ce allurar tana ceton rai in an yi ta bayan haihuwa don tsayar da jini, amma masu yi wa mace ita a gida wai don naƙuda ta yi sauri suna iya fasa mahaifa. Ta ƙara da cewa a firiji ake ajiye ta, tsakanin digiri 2 zuwa 8, wadda ta kwana a kan kanta cikin zafin Kaduna ba a san me ya rage a cikinta ba. Ungozomomin ba su ce uffan ba.

Yanzu abubuwan da ban ji daɗinsu ba.

Wurin bai dace da manya ba. Bencinan yara ne, gajeru, ba wurin jingina, mai ciwon baya zai ji a jikinsa. Rufin kwano ne ba silin, in aka ɗauke wuta fanka ɗayan da ke akwai ta tsaya, kowa sai ya koma fifita da takardar darasi. Takardun kansu abin takaici ne a N1,500. Hoton hoto ne da aka yi ta maimaitawa har wasu haruffan sun shuɗe, a ajin da gaba ɗayansa a kan harafi yake. Akwai shafin da ba ka bambanta c da e, bayan an gama gaya maka makomar karatun c tana hannun harafin da ya biyo ta. Na yi mata magana, ta ce, "'Yata, ki gyara da biro." Na gyara, amma ba haka ya kamata ba.

Lokaci ma matsala ne. Ba a cika farawa a kan kari ba saboda tana jiran 'yan nesa, sai a kai gab da magariba. Mai komawa Kawo ko Rigasa ta fito ta tarar da cunkoson tashin kasuwa, masu keke sun ƙara kuɗi. Matan aure biyu sun daina zuwa saboda wannan kawai.

Inda na saɓa da ita a karatu shi ne ɗaurewar da ta yi wa lafazin Ingila. Da shi aka koyar da ita, kuma a wurinta shi ne daidai. Sinadarin mata da Ingila suke rubutawa oestrogen su ja farkonsa, "iis", 'yan Amurka estrogen suke rubutawa su ce "es". Wata ɗalibar Makarfi ta kunna mata na Amurka a waya, ta ce a kashe, wannan lalaci ne. Amma takardun gwajin da ke zuwa hannuna kowanne iri akwai, kwalayen magani ma haka, kuma yaran yanzu daga bidiyon intanet suke ɗaukar karatu. Wanda ya san ɗaya kaɗai zai zaci abubuwa biyu ne. Da ta rubuta duka biyun a allo ta ce ga nawa ga nasu, da minti ɗaya ya isa. Abin mamaki ne a ce wadda ta yarda da furolaktin ɗin Bahaushe ta ƙi yarda da na Ba'amurke.

Akwai abin da wasu suke ƙorafi a kai wanda ni a wurina yabo ne. Ba ta faɗin adadin magani. Wani matashi mai kemis ya matsa mata a kan bromocriptine da cabergoline, magungunan da ake sauke furolaktin da su, ƙwaya nawa ake sha, sau nawa. Ta ce, "Malam, na koya maka ka karanta sunan ne don ka san ba naka ba ne." Ta bayyana cewa sai an tabbatar ba ciki, an duba ƙululun wuya, an tambayi magungunan da mace take sha, wani lokaci har a ɗauki hoton kai, kafin likita ya rubuta. Ya ɓata rai, ya ce to me ya zo yi. Ni kuwa ina ganin masu tallar "maganin furolaktin" a Facebook da TikTok, jarka-jarka, ba wanda ya tambayi mai saye ko ƙululunta na wuya lafiya yake. Ba na son kantin yayana ya shiga sahunsu.

Wani abu mai kyau da ba a caji ko kwabo a kai: daren Juma'a tana turo saƙon murya ta WhatsApp, ta maimaita kalmomin makon a hankali, har da bugun rular. Ina saurara ina jera kaya da safe. Shi ya fi takardun amfani nesa ba kusa ba.

Mai neman takardar shaida kada ya ɓata kuɗinsa, ba ta bayarwa, kuma ta faɗa tun ranar farko. Wanda ya riga ya yi nisa a makarantar jinya zai ga ana jan ƙafa. Ajin na irina ne, mai tsaron kanti, ungozoma, ɗalibin shekarar farko da malaminsa yake rubuta kalma ya wuce, da mai jinyar wani a gida. Wata mai kamawa za a shiga sinadaran ƙululun wuya da insulin, kuma ta ce ba ta karɓar sabon ɗalibi a tsakiyar wata. Ba ta karɓar taransifa, kuɗi a hannu take so ranar farko. Mai zuwa ta taho da ɗan matashin zama da ruwan sha, da biro mai kyau na gyaran takarda.